Daga Candy Crush zuwa oware: wasannin da na auna a Suwame

Aikina na gidan rediyo rabinsa jira ne. Jiran baƙon da ya ce yana hanya, jiran a gama labarai, jiran turoturo ta fita daga cunkoson shataletalen Suwame ta kama hanyar Kejetiya. A cikin wannan jiran na buga ƙananan wasannin waya da yawa, har na samu ma'aunin da nake auna su da shi: idan aiki ya kira ni, wasan zai bar ni in ajiye waya ba tare da raina ya ɓaci ba, ko kuwa sai ya riƙe mini riga?

Da Candy Crush Saga zan fara, domin duk wanda ya leƙa wayar iyayenmu mata a Zango zai same shi. Kamfanin King ne ya fitar da shi a 2012, kuma ba zan ɓoye ba, an iya aiki. Launi, ƙara, da yadda alewar ke zubowa idan ka jera uku, duk an tsara su ne don su yi wa ƙwaƙwalwa daɗi. Matakan farko akwai tunani a cikinsu. Amma da ka yi nisa sai ka gane dabararka ta daina tasiri: sa'a ce ke yanke hukunci, kuma daidai lokacin da saura ƙiris ka ci, sai a ce tafiyarka ta ƙare, ga ƙarin tafiya biyar idan za ka biya. Rai biyar suke ba ka, kowane ɗaya sai ya yi rabin awa kafin ya dawo. Ba don tausayin idonka aka yi haka ba, an yi ne don ka ƙosa. Wanda ke mamakin yadda wasan kyauta ke ciyar da masu shi, ya tuna cewa Activision ta sayi King a 2016 kan dala biliyan 5.9.

Abin dariyar shi ne, jera uku ba baƙon abu ba ne wurin Bahaushe. Dararmu ta ramuka talatin, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, a kan jera uku take. Bambancin kawai, a dara mutum ne ke gabanka yana toshe maka hanya, kuma idan ya cinye ka, ka san inda ka yi kuskure.

Subway Surfers, wanda aka yi a Denmak shi ma a 2012, ba shi da wannan makirci sosai. Ka gudu, ka yi tsalle, jirgi ya buge ka, shi ke nan. Minti biyu ya isa, kuma yana aiki ko babu data. Laifinsa tallace-tallace da maimaici. Bayan mako guda ba abin da ya rage da zai ba ka mamaki. Na yara ne, kuma ba zagi nake ba.

Ludo King ya fi su samun shiga a unguwarmu, musamman tun kullen korona na makonni uku da aka yi wa Kumasi daga ƙarshen Maris na 2020. Daga Indiya ya fito, a 2016. Abin da na yaba masa shi ne mutum huɗu za su iya zagaye waya ɗaya su buga, ba intanet, ba kati. Na ga yaran kanikawa a Magazin suna yin haka a kan bonet lokacin cin abinci, ana ihu ana zolaya, masta na tafawa sai kowa ya watse, ba wanda ya yi asarar komai. Sai dai ludon da muka tashi da shi a Gana yana da bugun baya, inda za ka koma da baya ka kori ɗan abokin wasanka, kuma a nan ne wayo yake. Na Indiya bai san wannan ba, don haka kusan duk abin ya koma hannun ɗan lido. Da daɗin taro, amma ba zurfi.

Wanda na fi daɗewa a kansa shi ne oware, wasan maƙwabtanmu Asantawa, wanda akwai manhajojinsa da dama a Play Store. Ramuka goma sha biyu, 'ya'ya arba'in da takwas, huɗu a kowane rami. Ka kwashe rami ka bi kana zubawa ɗaya-ɗaya, idan na ƙarshe ya faɗa gidan abokin karawarka ya cika biyu ko uku, ka ci. Wanda ya fara tara ashirin da biyar ya yi nasara. Babu ɗan lido, babu sa'a, babu abin da za a sayar maka ya sa ka fi wani iyawa. Akwai wata doka a ciki da nake so ƙwarai: idan gidajen abokin karawarka sun zama wayam, wajibi ne ka zuba masa idan kana da hali. Ba a cin wasa ta hanyar barin mutum da yunwa. A 2002 wasu masana kwamfuta biyu a Amsterdam suka lissafa duk yanayin da allon zai iya kasancewa, sama da biliyan 889, suka gano cewa idan kowa ya buga ba kuskure, canjaras ake tashi. Ma'ana duk cin da aka yi maka, kai ka ba da ƙofa.

Manhajojin oware ɗin kam ba su da kyan gani. Wasunsu kamar aikin ɗalibi, ga talla a ƙasa, kuma ba su da ƙarar 'ya'yan nan a kan katako wadda ita ce rabin daɗin wasan. Duk da haka su ne kaɗai na buga na fito da abin da zan iya kai wa gaban dattijo a bakin titi in gwada, ko da kuwa ya lallasa ni, kamar yadda aka yi mini sau uku a jere ranar Lahadin da ta wuce.

Akwai kuma wanda samari ke kira wasa, na ɗan jirgin saman nan, Aviator, da ke cikin manhajojin caca. Ban sa shi a ma'auni ba. Abin da ke cire kuɗi daga MoMo ɗinka kowane daƙiƙa talatin sunansa caca, ko da wane launi aka shafa masa, kuma na karanta saƙonnin iyaye a shirina da suka ishe ni sanin inda kuɗin koyon sana'a na wasu yaran ya tafi.