Waƙar Salif Keita da ranar Damargu

Alƙalamin Hausa yana rubuta kalmomi biyu iri ɗaya: zabiya mai waƙa, da zabiya wanda aka haifa fatarsa ba launi. Salif Keita, ɗan ƙasar Mali, haifaffen Djoliba a 1949, ya haɗa su biyun a jiki guda. A 2009 ya fitar da faifan "La Différence", wanda ya sadaukar ga zabiyoyi, kuma a 2010 faifan ya ci kyautar Victoires de la Musique a Faransa.

Ta fuskar kiɗa babu abin kushewa. Muryar ta manyanta, ta daina gaggawa, kayan kiɗan kuwa sun ja baya sun ba ta fili. Waƙar da faifan ya ɗauki sunanta ba ta roƙon tausayi: mawaƙin ya tsaya da ƙafarsa, yana cewa bambancinsa ado ne. Yaron da aka saba yi wa eho a hanyar makaranta ya san darajar wannan magana.

Sai dai mai saurare daga Falanko, a ƙasar Damargu, zai ji wani giɓi. Hankalin duniya a lokacin yana kan masu kashe zabiyoyi don tsafi, musamman a Tanzaniya da Burundi, kuma mutunci da tsira daga tsangwama faifan ya sa gaba. Amma makashin da ke bin zabiya kullum a sama yake. Fatar da ba ta da sinadarin melanin ba ta da garkuwa. Rana tana ƙona ta shekara da shekaru, har wani ɓawo mai kaushi ya fito a kunne, ko leɓe, ko ƙeya, ya koma gyambon da ba ya warkewa. Sankarar fata ke nan. Idan an gan ta da wuri, likita na iya cire ta. Idan an tsaya shafe-shafen magani, sai ta ci gaba da cin nama. A ƙasar da noman hatsi da kiwo duk a fili ake yin su, daga hantsi zuwa la'asar, wannan ne labarin da ya kamata ya shiga waƙa.

Ga kuma harshe. Da Bambaranci da Faransanci aka rera. Uwar zabiya a karkarar Tanut ba ta jin ko ɗaya.

Keita ya yi nasa, gidauniyarsa ma tana raba man kariya daga rana. Tun 2015 ana raya 13 ga Yuni a matsayin ranar zabiyoyi ta duniya, kuma wasan kwaikwayon Hausa na Nijar, irin wanda Yazi Dogo ya yi suna da shi, ya iya cusa zance mai nauyi cikin raha. Kayan wasan ma ba su da wuya: malafa mai faɗi, riga mai dogon hannu, da uban da ake gardama da shi kan tura ɗansa gona da tsakar rana.