Fuskokin Arewa a Bangon Asokoro: Bitar Zanen Williams Chechet

Mutumin Kazaure ba baƙon ado ba ne. Ya san dagi a goshin soro, ya san aska takwas a ƙirjin babbar riga, ya san zayyanar da ake yi wa allon mai saukar Alƙur'ani. Abin da bai saba da shi ba shi ne ɗakin da ake rataye zane a farin bango, a yanka masa farashi, jama'a su shigo su yi ta kallo. Irin waɗannan gidajen baje kolin zane sun fi yawa a Legas da Abuja, kuma a can ne jerin ayyukan Williams Chechet mai taken "We Are The North" ya yi suna.

An haifi Chechet a Kano a 1981, ya tashi a Kaduna, ya yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Zariya kuwa tsohuwar matattarar masu zane ce: a nan ne a 1958 su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyar da ta ce a auri dabarar Turawa, amma a zana abin gida. A kan wannan turba Chechet yake, sai dai shi kwamfuta ce alƙalaminsa.

Hoton ɗan Arewa yake ɗauka, ya share duk abin da ke bayansa, ya zuba launi mai kashe ido: ruwan hoda, ruwan ɗorawa, shuɗi. Sai rawani ya fito raɗau, kowane naɗi da inuwarsa. Wani lokaci ya ɗora wa fuskar zane-zane har ta kusa ɓuya, dole mai kallo ya matso ya nemi mutumin. Salon na Andy Warhol ne, Ba'amurken da ya yi ta rina fuskar Marilyn Monroe a shekarun 1960. Bambancin shi ne Warhol taurari ya bi, shi kuwa Chechet ya juyo ga irin mutumin da za ka yi kiciɓis da shi ranar kasuwar Ɓaɓura, ko a bayan doki ranar hawan sallah a ƙofar fadar Kazaure.

A nan ƙarfin aikin yake. A kudu an saba ganin ɗan Arewa a matsayin maigadi ko mai shayi, a jarida kuma sai an yi tashin hankali ake buga hotonsa. Chechet ya ɗora shi a bango da martabarsa, babu neman tausayi. Launukan ma ba bare ba ne. Duk wanda ya ga kwalliyar dawakin sarki ya san dama Bahaushe ba ya tsoron ja da kore.

Amma akwai inda gizo ke saƙa. Maza da rawani su ne suka cika ido, alhali Arewa ta wuce haka. Ina manomin Gwiwa da fartanyarsa? Ina matan Roni masu sussuka? Idan rawani ya yi yawa, sai ya koma kayan ƙawata falon attajiri. Na biyu, gidan Retro Africa da ke Asokoro a Abuja, wanda ya baje ayyukansa, ba wurin da masu irin waɗannan fuskoki ke shiga ba ne. An zana su, amma ba su ga kansu ba.

Duk da haka, aiki ne da ya cancanci yabo. Wanda hanya ta kai shi Abuja ya leƙa, kallo ba sai da saye ba. Masarautar Kazaure da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu kuma su yi ƙoƙarin gayyato irin wannan baje koli gida, domin yaranmu masu zane a bayan littafi su san cewa abin sana'a ce.