Jinjina ga masu haɗa motar lantarki a Maiduguri

Mustapha Gajibo da matasan da ke aiki tare da shi a kamfanin Phoenix Renewables sun cancanci yabo. Ƙaramar bas mai shan fetur suke samu, su sauke injinta, su cire tanki da salansa, su ɗaura mata injin lantarki da batiran litiyam. Mai walda ya ƙera mazaunin batir a ƙasan mota don kada nauyi ya rinjaye ta a kwana, mai wayarin kuma ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, domin kuskure kaɗan a nan gobara ce. Bas ta tashi shiru, ba hayaƙi, ba juyen baƙin mai, ba canjin fulogi.

Abin da ya fi burge ni shi ne garin da aka yi wannan aiki. A shekarar 2021 'yan tayar da ƙayar baya suka rusa turakun wutar da ke shiga Maiduguri, gari ya daɗe cikin duhu. Gajibo da matasansa kuwa suka dogara da hasken rana wajen cajin motocinsu. Da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, direbobi da fasinjoji suka ga amfanin wannan hangen nesa a aljihunsu.