Tsohon Wasa da Sabon Ɗalibi: Sharhi a kan Baldur's Gate

Wasan kwamfuta na Baldur's Gate, wanda kamfanin BioWare ya fitar a 1998, zubinsa ya yi kama da na Ruwan Bagaja na Abubakar Imam: jarumi ya bar gida, ya sha gwagwarmaya da mutane da aljanu kafin ya kai gaci. Da muka gwada shi a kan ɗalibanmu na Keffi, waɗanda suka saba da wasannin waya, yawancinsu sun ƙosa saboda yawan ƙa'idoji da dogon karatu. Waɗanda suka daure kuwa, labarin ya riƙe su har ƙarshe. A ganinmu, hotunansa sun tsufa, amma jigonsa bai tsufa ba. Ashe matsalar ta haƙuri ce, kuma ita ke addabar tsofaffin littattafanmu a aji.