Hannun da Ke Ɗaukar Hoton Cikin Haƙori

Abin da ido ke gani na haƙori bai kai rabinsa ba. Sauran yana binne a cikin dasashi da ƙashin muƙamuƙi, kuma yawancin fitinar da ke hana mutum barci can ƙasa take: ruɓar da ta faro daga tsakanin haƙora biyu inda madubin likita ba ya kaiwa, ƙurji a bakin saiwa, ƙashi mai zaizayewa a hankali, ko turmin ƙarshe da ya kwanta a gicciye ya ƙi fitowa. Dole sai da hoton eksire. Mai ɗaukar wannan hoto kuwa, ko likitan ne da kansa ko mataimakiyarsa, yana da wata gwaninta da marar lafiya ba ya lura da ita, domin kafin ya gama gyara zama an ce masa an gama.

Da can ba haka abin yake ba. A watan Nuwamban 1895 Wilhelm Röntgen ya gano wannan haske a Würzburg ta ƙasar Jamus. Cikin Janairun 1896 wani likitan haƙori na Braunschweig, Otto Walkhoff, ya naɗe ɗan farantin gilashi da baƙar takarda da roba, ya cusa a bakinsa, ya yi minti 25 cur a ƙarƙashin hasken kafin hoton haƙoransa ya fito. Yau ko daƙiƙa ɗaya ba a kaiwa. A Amurka kuma akwai Edmund Kells na New Orleans, wanda ya yi shekara da shekaru yana gwada ƙarfin hasken a kan hannunsa. Aka fara yanke masa yatsu, aka zo kan hannu, daga ƙarshe har kafaɗa. Saboda irinsu ne ma'aikacin kirki ba ya riƙe wa marar lafiya fim da yatsansa ko da an roƙe shi. Yakan ja da baya kimanin mita 2, ya kauce wa saitin bututun, ko ya shige bayan bango, sannan ya danna.

Asalin sana'ar ita ce sanin inuwa, domin hoton eksire inuwar haƙori ce da aka kama. Kowa ya san inuwarsa da la'asar ta fi shi tsawo, da tsakar rana kuma ta taƙure a gindin ƙafarsa. Haka haƙori yake: in aka sunkuyar da bututun fiye da kima sai ya fito gajere, in aka kwantar da shi sai ya fito zanƙalele. Wani zai ce to me ya yi zafi? Ga likitan da zai cire jijiyar haƙori ya share ramin saiwa ya toshe, kuskuren milimita 2 shi ne bambanci tsakanin aikin da ya warke da wanda zai dawo da kumburi. Tun 1907 Antoni Cieszyński, mutumin Folan, ya tsara lissafin yadda za a raba kusurwar da ke tsakanin haƙori da fim gida biyu, a auna haske ya sauka a tsaye kan layin tsakiya. Daga baya aka fi karkata ga wata hanya: a tsayar da fim daidai-wa-daida da haƙori, a maƙala shi a wani mariƙi mai zobe a wajen kumatu, a saita dogon bututu a kan zoben. Gordon Fitzgerald ne ya yaɗa ta a 1947, kuma ita ake fara koya wa ɗalibai har gobe. Akwai kuma karkatar gefe. In ta kuskure kaɗan, haƙori zai hau kan maƙwabcinsa a hoto, ya rufe ainihin tsagin da ake neman ruɓa a cikinsa.

Duk wannan a takarda mai sauƙi ne. Baki kuwa abu ne mai rai. Gandar wani ba ta da zurfi, harshen wani ba ya zama wuri ɗaya, wani da zarar abu ya taɓa can ciki sai amai ya taso. Sensar zamani kuma ta fi tsohon fim kauri, ba ta lanƙwasuwa, ga waya tana reto daga baki. A nan ake gane gwana. Kafin ta kusanci baki ta riga ta saita lokaci, ta jawo bututu kusa da kumatu, don kada sensa ta daɗe a ciki. Ta fara da haƙoran gaba masu sauƙi, ta bar turame sai mutum ya sake. Za ka ji ta ce: "Baba, ɗan cije a hankali, ka riƙa numfashi ta hanci, yanzu za a gama." Yaro kuma a ce masa ya ɗaga ƙafa ɗaya ya riƙe ta a sama, hankalinsa ya koma can. Hoto ɗaya tak, ya fito da kan haƙori da ƙarshen saiwa da ɗan ƙashin da ke bayanta. Wanda bai iya ba sai ya maimaita sau uku, kowace maimaitawa kuwa ƙarin haske ne a jikin bawan Allah.

Babbar na'urar da ke zagaya kai ta ɗauko muƙamuƙi gaba ɗaya, wadda Yrjö Paatero na ƙasar Finlan ya yi wa aiki tun ƙarshen shekarun 1940, ta fi kowacce tsantseni. Wani siririn yanki mai siffar baka kaɗai take gani sarai, saboda haka dole haƙora su faɗa cikinsa. A cije sandar cizo, a miƙe wuya, a manna harshe a ganda, in ba haka ba wata baƙar inuwa ta rufe saiwoyin sama. "Hajiya, a taimaka a cire 'yan kunne da sarƙa," domin ɗan kunnen dama yakan jefa fatalwarsa a gefen hagu na hoton. Haƙorin Makka shi ma fari fat yake fitowa, ba a ganin abin da ke ƙarƙashinsa, sai dai a karanci gefunansa da saiwarsa.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta Charles Clark na Ingila, mai shekara fiye da ɗari. Hoto shimfiɗaɗɗe ne, ba ya faɗa maka ko fiƙar da ta maƙale a ƙashi tana ta wajen leɓe ko ta wajen ganda. Sai a ɗauki hoto na biyu bayan an ɗan gusar da bututu gefe. In abin ya bi bututun, yana ta ciki. In ya yi akasin haka, yana ta waje. Tun ƙarshen shekarun 1990, da aka ƙera NewTom a Verona ta Italiya, akwai na'urar da ke nuna muƙamuƙi ta kowace fuska, amma haskenta ya fi yawa, kuɗinta ma haka. Likitan da ya san hannunsa ba ya tura kowa gare ta, sai mai dashen haƙori ko mai matsalar da ƙananan hotuna suka kasa warwarewa.

Karatun hoton ma wani fanni ne. Ruɓa ba ta bayyana sai haƙori ya rasa wajen kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari na ma'adininsa a gurbin, don haka gwani ya san ɓarnar ta fi abin da yake gani. Ya kuma san akwai wata 'yar kafa ta halitta a muƙamuƙin ƙasa, inda jijiya ke fitowa, wadda kan yi kama da ƙurji a idon sabon shiga. Irin wannan bambanci na toka-toka ba ya fitowa a allo mai arha da hasken taga ke duka.

Wannan ya kawo mu ga mutum na biyu, wanda ba a cika gode masa ba. Tun da Francis Mouyen na Faransa ya fito da sensar RVG a 1987, hoto ya bar ɗakin duhu da ruwan wanki ya koma cikin kwamfuta, sai asibitin haƙori ya wayi gari yana buƙatar mai kula da ita. Nagari a cikinsu ba irin mai gyaran kwamfutar kanti ba ne. Ya san manhajar da ke haɗa sensa da kwamfuta ta fi kwamfutar kanta muhimmanci, don haka ba ya sabunta komai sai ya tabbata kamfanin sensa ya amince. Microsoft ta sa 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ranar daina tallafa wa Windows 10, alhali akwai na'urori masu tsada da manhajarsu ba ta san wani sabo ba. Maganinsa shi ne ya raba irin wannan kwamfuta da intanet, ya hana a duba saƙo ko a cusa filashin kowa a jikinta. Bai manta da Mayun 2017 ba, lokacin da muguwar manhajar nan WannaCry ta kulle kwamfutocin asibitocin gwamnatin Birtaniya, aka soke ganin likita na dubban mutane.

Kafin a biya kuɗin na'ura yakan tambayi dillali abin da likita ke mantawa: shin hotunan za su fita a tsarin DICOM, wanda yawancin manhajojin asibiti ke iya buɗewa, ko kuwa an ɗaure su da manhajar kamfani ɗaya? Wa zai gyara in ta lalace, kuma daga ina kayan gyara za su zo? Yakan ajiye kwafi uku na komai, a ma'aji iri biyu, ɗaya a wajen ginin. Abin da ya bambanta shi da saura shi ne lokaci-lokaci yakan ɗauko kwafin ya buɗe da gaske, don ya ga ko yana aiki. Dalilinsa ba na ofis kawai ba ne. Hoton da ya ɓace sai an sake haska mutum, na bara kuwa ba ya sake ɗaukuwa, alhali da shi ake gane ko ƙashi ya ƙara zaizayewa. Ba ya kuma yarda a ɗauki allo da waya a tura ta WhatsApp: hoton ya dusashe, sirrin marar lafiya ya fita, ga dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman.

A Kano ko Damagaram akwai ƙarin abokan gaba biyu, wuta da ƙura. Wutar da ke hawa da sauka tana ƙona allunan cikin na'ura, ɗaukewarta ana tsakiyar ajiye hoto kuma tana iya lalata rumbun bayanai dungurungum. Don haka yakan sa sitabilaiza da batirin ko-ta-kwana tsakanin na'ura da bango, ya hana a yi hoto a daidai lokacin da ake juyawa zuwa janareta. Da hunturu yakan buɗe kwamfutoci ya hure ƙurar da ta toshe fankokinsu. Sensa kuwa, mai kuɗin dubban daloli, yawanci ta waya take mutuwa: an naɗe ta tamau, ko an cije ta, ko ƙafar kujera ta bi ta kanta. Shi ya sa a ranar da aka kawo ta, kafin ma ya kunna kwamfuta, yake kafa mata maratayi a bango daidai inda hannun mai ɗaukar hoto zai kai, ya nuna wa kowa yadda ake sakin wayar ta sauka a sake.