Tarihin kwamfuta da ake koya mana, da haruffa huɗun da ba a ambata

Duk wanda ya zauna a darasin anformatik ya san yadda ake jero tarihin kwamfuta. Za a fara da ENIAC, wadda aka kammala a Amurka a 1945, mai cika ɗaki guda. Daga nan a zo kan taransisto na 1947, sai guntun Intel 4004 na 1971, sai kwamfutar IBM ta 1981 da ta shiga ofisoshi. A ƙarshe a ce mana ga salula a aljihunmu, ta fi su duka ƙarfi. Babu ƙarya a jerin nan. Sukar da nake masa ita ce labarin ƙarfe da sauri kawai yake bayarwa. Ba ya tambayar wa aka ƙera wa na'urar, ko da wane harshe aka zaci zai yi rubutu. Mu masu rubuta Hausa kuwa, nan ne tarihin ya taɓa mu.

A 1963 aka fitar da tsarin ASCII a Amurka, wanda ya ba kowane harafi lambarsa. Gurabe 128 ne kawai a cikinsa, kuma haruffan Ingilishi ne suka cika shi. Ko Faransanci bai samu é da ç ba sai a tsare-tsaren baya. Allon rubutun ma gado ne daga tafireta: QWERTY ya fito kasuwa a shekarun 1870 tare da kamfanin Remington, AZERTY da muke amfani da shi a Nijar kuma gyaran Faransawa ne. A kan allunan biyu, ka nemi ɓ, ɗ, ƙ da ƴ har ka gaji.

Kada wani ya ce laifin namu ne, wai ba mu daidaita rubutunmu da wuri ba. An yi taron Bamako a 1966 kan rubuta harsunan yankin nan, har da Hausa. A 1978 kuma, a nan Yamai, taron da UNESCO ta shirya ya fitar da jerin haruffa na bai-ɗaya don harsunan Afirka. Wato shekara uku kafin kwamfutar IBM ta fito, haruffanmu suna kan takarda. Masu ƙera na'ura ne ba su ga kasuwa a cikinsu ba.

Misalin da ya fi ƙona rai shi ne na SMS. An tura saƙon farko a Disamba 1992. Tsarin GSM ya yarda da harafi 160 a saƙo guda, muddin ka tsaya cikin ɗan jerin da aka zaɓa, mai ɗauke da é, à, ñ da ö na Turai. Da zarar ka saka ƙ guda ɗaya, sai wayar ta koma wani tsarin, saƙon ya ragu zuwa harafi 70. Abin da za ka tura sau ɗaya sai ya zama biyu ko uku, kuɗi su ƙaru. Wayoyi da yawa na lokacin ma ba su da harafin gaba ɗaya, ɗan akwati suke nunawa a madadinsa. To wa zai biya ninki don ya rubuta "ƙasa" daidai? Haka yayyenmu suka saba da "kasa", mu kuma muka gada.

Na san amsar da ake bayarwa: ai ana ganewa. Haka ne, wanda ya tashi da Hausa zai gane "na ga baki a gida" daga abin da ke kewaye da jumlar. Amma rubutun Hausa dama ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Mai karatu yana ɗauke da wannan nauyi tun farko. In muka ƙara masa haɗa kare da ƙare, kafa da ƙafa, da da ɗa, mun ƙara masa kaya a kan kaya. Yaron da ke koyon karatu da harshen gida, da Bazabarme ko Ba'abzine mai koyon Hausa, su ne ke shan wahalar.

Sukar ba ta tsaya kan Turawa ba. Tun 1991 tsarin Unicode ya ba haruffan nan huɗu lambobinsu, manya da ƙanana. Yau allon Gboard na da Hausa, saukar da shi ba ya cin minti biyar. A WhatsApp ba a ƙirga maka harafi. Uzurin ya ƙare fiye da shekara talatin a ka'ida, ya ƙare a aikace tun da wayoyin shafa suka yawaita, amma har yanzu fastocin ƙungiyoyinmu da sanarwar tarurrukanmu na fitowa ba lanƙwasa. Ɗalibin da ba zai taɓa miƙa wa malami takardar Faransanci babu aksan ba, shi ne ke cewa ƙ wahala ce. Wanga hali ba IBM ce ta sa mana shi ba.

Akwai kuma abin da ke gaba. Manhajojin gyara rubutu da na fassara daga abin da muke rubutawa suke koyo. In mafi yawan Hausar da ke intanet ba ta da ɓ da ɗ, gobe na'ura za ta ɗauki kuskuren a matsayin daidai, ta riƙa goge wa mai rubuta daidai. Ƴ ɗinmu na Nijar ya fi shiga hatsari, tun da a Najeriya 'y ake rubutawa.

Don haka shawarata biyu ce. Malaman anformatik su saka ASCII, taron Yamai na 1978 da Unicode cikin darasin tarihi, kusa da ENIAC. Mu kuma a wannan ƙungiya mu yanke cewa duk rubutun da zai shiga ɗan littafin nan, sai da haruffansa cikakku kafin a kai shi wurin fotokofi.