Raguwar 'Yan Ƙungiyar Tiyosofi: Sharhi a kan Littafin Mary Lutyens

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu auna wani ra'ayi da mai karatu kan ɗauka daga littafin Mary Lutyens, Krishnamurti: The Years of Awakening (1975), wato cewa ficewar mutum guda ce ta karya Ƙungiyar Tiyosofi. Wannan ƙungiya ta masu binciken asiran addinai Helena Blavatsky da Henry Olcott da William Judge ne suka kafa ta a birnin New York a 1875, daga baya aka mayar da cibiyarta Adyar, kusa da Madras a Indiya, a 1882.

Ga yadda al'amarin ya gudana. A 1909 Charles Leadbeater ya ga yaro Jiddu Krishnamurti a Adyar, ya ce ta bakinsa ne Malamin Duniya zai yi magana. Shugabar ƙungiyar, Annie Besant, ta amince, aka kafa ƙungiyar Tauraron Gabas a 1911 don jiran bayyanar wannan malami. A 1928 membobin Tiyosofi sun kai kimanin 45,000. Ran 3 ga Agusta, 1929, a Ommen ta ƙasar Holan, Krishnamurti ya rushe ƙungiyar Tauraron, yana mai cewa babu ƙungiyar da za ta kai mutum ga gaskiya. Cikin 'yan shekaru Tiyosofi ta rasa kusan sulusin mutanenta.

Ba ma musun darajar littafin. Marubuciyar ta tashi cikin waɗannan mutane, domin mahaifiyarta, Lady Emily, tana cikin makusantan Krishnamurti, ga kuma wasiƙun da ta dogara da su. To amma wannan kusancin shi ne ya taƙaita hangenta: daga zauren shugabanni take kallo, ba mu cika jin muryar ƙaramin memba mai biyan kuɗin shekara a reshensa ba, alhali shi ne ya daina zuwa taro.

Idan muka waiwaya, za mu ga bango ya daɗe da tsagewa. A 1895 Judge ya ɓalle da yawancin rassan Amurka. A 1913 Rudolf Steiner ya tafi da galibin reshen Jamus, bayan ya ƙi yarda da batun Krishnamurti. A duka biyun jama'a shugaba suka bi, suka bar ƙungiya. Dalili kuwa yana cikin tsarinta: ba ta ɗora wa mai shiga wata aƙida ko ibada, sai dai ya yarda da 'yan'uwantakar bil'adama. Wannan sassauci ya sauƙaƙa shiga, ya kuma sauƙaƙa fita. Shugabanni suka cike giɓin da alkawarin zuwan malami, wanda kuwa alkawari ya kawo shi, ba abin da zai zaunar da shi ranar da alkawarin ya warware. Ga kuma karayar tattalin arzikin duniya ta 1929, da rasuwar Besant a 1933 da ta Leadbeater a 1934.

Saboda haka muna ganin jawabin Ommen aibin ginin ya tona, tun ran gini kuwa ran zane. Ƙungiyar tana nan a Adyar har yau, amma ba ta sake kai adadin 1928 ba. Aikin da ya rage ga manazarta shi ne su binciki rajistar rassa, su gano abin da ya riƙe waɗanda suka zauna, domin littafin Lutyens labarin wanda ya tafi ya ba mu.